Kwalbar da Aka Tsinta a Akwati

Uwar miji ta dangwarar da kwalbar maganin a kan tabarma, gaban ɗanta.

"Ga abin da na tsinta a akwatin matarka. Mai kemis ya ce na ƙanjamau ne. Dama shiru-shirun nan nata bai kwanta mini ba."

Ta gyara zama tana jiran ya tashi da faɗa. Ko kai bai ɗaga ba.

Matar ta durƙusa a bakin ƙofa. "Mama, lafiyata ƙalau. Na kariya ne, don kada in ɗauka. Likita ta ba ni, amma na kasa fara sha, ina tsoron irin wannan ranar."

"Ki ɗauka a wurin wa?"

Tsohuwa ta dubi ɗan da ta goya, yana ta murza bakin rigarsa. Ta iya binciken akwatin 'yar mutane, amma ba ta taɓa binciken fuskar ɗanta ba.

Ta jawo kwalbar ta ɓalle murfin da kanta, idonta a ƙasa.

"Kai, tashi ka kawo mata ruwa."