Mai Daddawa da 'Yarta ta Fari

Ke da kike cewa yaro ba shi da damuwa tunda ba shi ke auno hatsi ba, gyara zama ki ji wannan.

An yi wata mai daddawa, macen da ba a taya kayanta da wasa. Idan ta ce albarka, ko hakimi ne sai ya ƙara. Tana da 'yar fari mai shekara goma sha uku, wadda ta shiga ajin farko na sakandare. To, matar nan irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari. Tun ranar suna ba ta taɓa kama sunan yarinyar ba. Ba ta haɗa ido da ita, ba ta zama tabarma ɗaya da ita. Daga "ke" sai "waccan". Ko tuwo za ta ba ta, sai ta dire kwanon ta kau da kai. Da wannan take tinƙaho cikin mata, wai ita ba ta zubar da kunya ba kamar 'yan zamani. Kuma wallahi ba ƙi ba ne. So ne aka kife shi da faifai.

Ana nan sai kwano ya fara dawowa da rabin tuwo. Uwar ta ce tsutsar ciki ce, ta sayo magani ta ajiye a bakin ƙofa. Yarinya ta daina waƙa wajen wankin kalwa, uwar ta ce madalla, hankali ya zo. Sai ta tsiri wanke hijabin makaranta kullum, wani lokaci har sau biyu, uwar ta juya tana yi wa bango faɗan sabulu don mai kunne ta ji. A makarantar kuwa akwai wata malama da ke zama da yara tana koya musu faɗin abin da ke ci musu rai, takan kuma kira iyaye su zo su ji nasu rabon. Sau biyu tana aiko takarda. Mai daddawa ta ce ita ba za ta je ta zauna gaban jama'a ana maganar waccan ba, ina kunya? Takardar ma sai ta ƙunshe wa wani daddawa a ciki.

Ran kasuwa da hantsi, tana tsakiyar ciniki, sai ga malamar tsaye a kanta.

"Inna, ba saye na zo ba. Yau kwana huɗu 'yarki ba ta shiga aji ba."

"Kullum da safe a gabana take fita," in ji mai daddawa.

Malama ta durƙusa ta rage murya. Ta ce tun farkon zango yara ke toshe hanci in yarinyar ta shigo, wai tana warin daddawa, sun sa mata suna Miyar Kuka, sun bar mata benci ita kaɗai. Da aka ce kowa ya rubuta abin da ke ransa, ita layi ɗaya ta rubuta: da ba a haife ta ba, da kowa ya huta.

Matar da ko sallah za ta je sai ta rufe tirenta ta ɗaure, ran nan a buɗe ta bar shi. Ta bi hanyar makaranta, babu. Ta bi bakin rafi, babu. Ga tambaya a bakinta, amma ta yaya ake cigiyar wadda ba a faɗin sunanta? Sai "ko kun ga wata yarinya?" take yi, mutane suna cewa wace daga ciki. Da ƙyar wani mai lambu ya nuna mata tsohuwar rijiya bayan gonar rake, ya ce kwanan nan yakan hango farin hijabi a wurin.

Can ta same ta. Yarinyar ta shanya hijabinta a kan ƙaya, tana zaune a bakin rijiyar, ƙafafu biyu a ciki, ta sunkuya tana kallon ƙasa. Bakin rijiyar ya zaizaye, ƙasa na zuba kaɗan-kaɗan. Uwar ta tsaya cik. In ta ruga, ƙarar takunta za ta firgita ta. In ta daka mata "ke!" irin na kullum, Allah kaɗai ya san inda za ta zabura. Abu ɗaya ya rage, shi ne kuwa abin da ta shekara goma sha uku tana haɗiyewa. Ta buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ta sake.

"Hansatu."

Yarinya ba ta motsa ba.

"Hansatu, 'yata. Jawo ƙafarki, zo nan."

A hankali ta waiwayo. Ta fiddo ƙafa ɗaya, ta daɗe, sannan ta fiddo ɗayar. Ta ce, "Inna, ashe kin san sunana?"

Uwar ta damƙi hannunta, ta ji fatar duk ta saɓule da sabulu. Ta tallabo haɓarta ta dube ta sosai, duban da ba ta yi mata ba tun tana cikin zanen goyo. Kumatu sun faɗa, idanu sun zurma, leɓe duk shatin haƙori. Wannan ba aikin kwana huɗu ba ne, aikin watanni ne, kuma a gabanta ake wucewa da shi safe da yamma. Abin da ke fuskar nan ba ya bukatar boko kafin a karanta, ɗaga ido kawai yake so.

Don haka in kin koma gida, kafin ki duba kwanon ɗanki, ki dube shi shi kansa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.