Gashin Bakin Sharhabilu da Furen Bene

Kullum da hantsi Isyaku zai fito barandar benensa da buta, ya ba furensa ruwa, yana leƙen gidan da ke tsallaken titi yana murmushin mugunta.

Gidan na taubashinsa ne, Sharhabilu, akawu a ofishin gona, mai gashin bakin da duk Wudil ta san shi da shi. Mai yake shafa masa, ya murɗe shi kamar ƙahon bajimi.

Zamanin kuɗin fetur ne. Isyaku, da jiya-jiyan nan jaki yake kora, ya samu kwangilar siminti, sai ga bene. Shi ya kawo saiwar gwangwama biyu daga Kano, shukar nan mai faɗin ganye da jan fure, ya miƙa wa Sharhabilu ɗaya a gaban 'yan majalisarsu.

"Malamin gona, ga gwaji. In taka ta yi fure kafin Babbar Sallah, besfata ta zama taka. In ba ta yi ba, wanzami ya share wannan tsintsiyar ta bakinka, a nan, kowa na kallo."

"Kai da ko albasa ba ka taɓa rayawa ba? Na yarda!"

Ba a je ko'ina ba ta Isyaku ta fashe da fure, ja wur, ana hango shi tun daga kwanar kasuwa.

Sharhabilu ya tsuke ɗamara. Ya ɗebo ƙasar bakin kogi. Ya zuba kashin kaji, ya ƙara da na tattabara. Ya kafa wa shukar rumfa, ya ga kamar rana take so, ya rushe rumfar. Ruwa kuwa sai na randar matarsa Hafsatu, wai ya fi sanyi. Har tofi ya sa aka yi mata. Ganye kam ga shi nan kamar ayaba, fure ko na rantsuwa.

"Malam," in ji Hafsatu, "da ni ka yi wa rabin hidimar nan, wallahi da tuni na yi furen."

Bazara ta zo, har darbejiya ta yi laushi, furen bene ko gezau. Iskar farkon damina ta yaye rumfunan kasuwa, Sharhabilu ya zagaya gindin benen ko zai tsinci wanda ya faɗo ya ga irinsa, bai samu ko ɗaya ba. Ƙudan zuma ma ba sa raɓarsa. Isyaku ya ce kwarjini ne.

Sallah ta matso. Maikano wanzami ya daina gaida Sharhabilu da baki, sai dai in sun haɗu ya zaro aska ya wasa a tafin hannu. Sharhabilu ya rame, gashin bakin kansa ya sunkuya.

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin Sallah, gari duk ya tafi kara cinikin raguna, ya yanke shawara. Reshe ɗaya kawai zai yanko mai fure, ya soka a tukunyarsa, ya tara shaidu. Allah dai mai gafara ne.

Ya ari tsanin magina, ya soke almakashin Hafsatu a ƙugu, ya hau barandar Isyaku, babbar riga na sarƙe shi. Ga furen a gabansa, ƙasar tukunya jiƙe sharkaf da ruwan safe. Ya zaɓi reshe mafi kyau, ya yi bisimilla ciki-ciki don kunya, ya matsa almakashi.

Ƙaras!

Ya sake matsawa da hannu biyu, bakin almakashin ya gutsure. Ya sa farce ya kankare koren reshen, sai ga waya tana ƙyalli.

Wata da watanni, ɗan banzan nan roba yake ba ruwa.