Ai Karce Ne Kawai

Ranar da Mai Hoto ta buɗe ɗan shagonta a bakin titi, tsakanin tela da mai gyaran waya, babu irin maganar da ba ta sha ba. Wasu suka ce duk karatun nan a ɗaukar hoto zai ƙare? Wasu suka ce mace da rataya kyamara a wuya, ai abin ya lalace. Ta toshe kunne ta share ƙofar shagonta. 'Yan'uwana mata da kuka taɓa tsayawa da ƙafarku a tsakiyar surutu, kun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Mutum ɗaya ne ya tsaya mata, mahaifinta. Shi ya raka ta sayen kyamarar, shi ya hau kujera ya kafa mata labulen da ake tsayawa a gabansa. "Uwata" yake ce mata, domin sunan mahaifiyarsa ta ci. Abin dariyar, shi kansa bai taɓa yarda ta ɗauke shi ba.

"Uwata, bar ni da munina," haka yake cewa, "kada in fasa miki gilashi ki ce sai na biya."

Aiki ya karɓe ta. Masu surutun jiya su ne suka dawo suna kawo 'ya'yansu. Sai dai tana da wani hali guda. In ta tashi daga aiki, sai ta jefa kyamarar cikin jaka tare da makullan shago. In sikirin ɗin baya, wanda ake duba hoto a ciki, ya yi maiƙon yatsa, sai ta goge shi da gefen mayafinta mai duwatsun ado.

"Maƙwabciya," in ji mai gyaran waya, "kawo in manna miki gilashin kariya. Makullan nan suna yi wa sikirin ɗinki zane."

"Gobe dai," ta ce. "Ai ba da baya nake ɗaukar hoto ba."

Goben ba ta zo ba. Karce ya hau kan karce, har tsakiyar sikirin ta yi wani hazo-hazo, daidai inda fuskar mutum ke faɗowa. Ta saba. Duk hoton da ta duba ta ga fuska ta yi dishi-dishi, sai ta ce a ranta, "Ai karce ne kawai." In ta zuba a kwamfuta kuwa sai ta ga hoto fes. Wannan ya ƙara mata ƙarfin gwiwa.

Ana nan ciwo ya kwantar da Baba. Safiyar da za a kai shi asibiti a yi masa aiki, ya sa aka ɗauko masa farar rigarsa, ya ce a fito masa da kujera tsakar gida.

"Uwata, ɗauko abin naki. Yau na yarda."

Ta ɗauko kyamarar da sauri. Inna, mahaifiyarta, ta tsaya a gefensa tana gyara masa hula.

"Ka zauna daidai mana," in ji Inna. "Sai ka ce wanda za a yi wa allura."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya, a daidai lokacin Mai Hoto ta danna. Ta duba sikirin. Fuskarsa ta yi hazo, kamar yadda kowace fuska take yi a wurin. Direban da zai kai su asibiti na ta danna ham a waje, numfashin Baba kuma ya fara nauyi.

"Na fito?" ya tambaya.

"Ka fito fes, Baba."

"To a bar shi haka, kada kyamarar ta gaji da ni."

Baba bai dawo daga asibiti ba.

Bayan an watse daga zaman gaisuwa, Inna ta kira ta ɗaki. "Wanko mini hoton nan babba, in rataye inda zan riƙa ganinsa."

Ta je shago ta zuba hoton a kwamfuta. Farar rigar ta fito. Hannun Inna a kan hular ya fito, har da zoben. Bangon baya ya fito tsaf. Fuskar Baba ce kaɗai babu, ta shafe kamar an goge ta da yatsa, domin ya motsa sanda yake dariya. Da sikirin nan lafiya lau yake, kallo ɗaya zai nuna mata, ta sake dannawa tun yana zaune a gabanta.

Ta shiga ƙoƙarin gyara hoton. Babu manhajar da ba ta gwada ba, amma abin da kyamara ba ta kama ba, babu mai dawo da shi.

Ba ta ɓoye ba. Ta wanko hoton yadda yake, ta kai wa Inna, ta faɗa mata abin da ya faru. Inna ta ƙura masa ido, ta shafa wurin da fuskar ta shafe.

"Dariya yake yi," ta ce a hankali. "Ni na ba shi dariyar. Na gane shi, 'yar nan. Share hawayenki."

Washegari Mai Hoto ta buɗe shago kamar kullum, kanta a sama. Kafin ta share ƙofa, ta miƙa wa mai gyaran waya kyamarar, ta ce a canja sikirin, a manna gilashin. Makullai kuwa tun daga ranar aljihunsu daban.

Jama'a, kayan aikinku amana ne. Ku manna wa sikirin kyamara kariya tun yana sabo, ku raba shi da makulli da duk wani ƙarfe, ku goge shi da ƙyalle mai laushi. Ƙaramin lahanin da aka saba da shi, shi ke rufe ido a ranar da babu damar sake ɗauka.