Wuyan Baba Hedi

Dorsaf ta tallabi kan Baba Hedi masunci da tafuka biyu, ta juya shi hagu a hankali har gaɓar wuyan ta tsaya cak. Saura fizga guda, gajera, mai saurin ƙiftawar ido, a ji ƙas. Shekara biyar tana koyon haka a makarantar gyaran gaɓoɓi a birnin Safakis. Wannan ce jarrabawarta ta uku, kuma ba a ba kowa ta huɗu.

Sai ta ga ƙwayar idon tsohon tana rawa. Da ta tambaye shi, ya ce ɗan jiri ne da yakan ji in ya waiwaya a kwalekwale, ba wani abu ba. Ta mayar da kan daidai, ta janye hannu.

Mai jarrabawar, Dakta Munsif, wanda ɗalibai ke sauya hanya in sun hango shi, ya ƙwanƙwasa biro. Madam Rauda mai rubuta maki tana bayan teburinta, bargo a gwiwa duk zafin nan, ko kai ba ta ɗaga ba.

Dakta ya ce, "Yarinya, tsoro ne? Na gyara wuya dubu kafin a haife ki. Ƙarasa."

"Ba zan fizga ba, Dakta. Jijiyar jini ce ke matsewa, asibiti za a kai shi."

Dakta ya ce in ta fita ƙofar nan, ita da wannan sana'a har abada. Baba Hedi ma ya sa baki, wai 'yata ki taimaka, teku na jirana. Ran Dorsaf ya ɓaci ƙwarai. Ta cire farar rigarta, ta ninke a gaban Dakta, ta ce ya rubuta abin da ya ga dama, gara ta koma sayar da burodi a shagon babanta.

Tana bakin ƙofa Madam Rauda ta kira ta, ta miƙa mata takarda. Ta ci jarrabawar, ita kaɗai cikin ɗalibai tara. Sauran takwas duk sun bi umarni, sai da Dakta ya damƙe musu hannu kafin su fizga.

Dakta ya ajiye biron. Ya zagaya bayan teburin, ya saki birkin keken guragun da matarsa, Madam Rauda, ke kai tun ranar da ta ce masa ɗan jiri ne, shi kuma ya fizgi wuyanta.