Kunyoyin da Ganga ba ta Ambata ba

Malam Tanimu, ajiye biron nan ka saurare ni. Tun da muka fara darasin nan na Turanci kake mita, wai jimlar da ke cewa gonar da aka nome da kyau, ko katangar da aka gina a gurguje, jimlar rashin adalci ce, tunda ta faɗi yadda aka yi aiki amma ta haɗiye sunan mai yinsa. Haba, kai da ka tashi a karkara! To bari in ba ka misali, in ya so ka ci gaba da mitarka.

An yi wani tsoho da ciwon gwiwa ya hana shi sunkuyo. Ga gonar gero ciyawa na neman cinyewa, ga kuma wata 'yar fadama a bakin rafi da ya kasa taɓawa shekara biyu. Sai ya kira gayya, ya ce duk wanda ya fi kowa aiki a ranar, shi zai ba aron fadamar ya yi noman rani. Cikin waɗanda suka zo har da wani magidanci da zaizayar ƙasa ta lashe masa rabin gona, ga 'ya'ya biyar, ga rumbu wayam. In bai samu fadamar nan ba, da kaka ta wuce dole ya bar iyalinsa ya tafi cin rani, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Akwai kuma wani ƙato, gwanin gayya, wanda makaɗa suka fi sanin kirarinsa fiye da sunayen 'ya'yansu.

Ka san dai yadda gayya take. A jeru, kowa ya kama kunyarsa, mai gangar noma na biye, wanda ya riga kaiwa bakin gona shi ake wa kirari. Da an juyo kuma kowa ya faɗa kunyar da ta fi kusa da shi, ba wanda ke riƙe ta wane ce wannan. To ƙaton nan ya daɗe da gane haka. Ba ya saran ciyawa, ƙasa kawai yake jawowa da hauya ya lulluɓe ta, ya wuce fuu kamar an koro shi. Duk inda ya bi sai ka ga wuri ya yi baƙi sumul, gwanin sha'awa. Ganga kuwa tun hantsi har azahar sunansa take kira. Shi ko magidancin nan yana can baya, yana tumɓuke ciyawar kiri-kiri tun daga saiwa, ya kakkaɓe ƙasar, ya kifa ta saiwa sama don rana ta kashe. Kunya bakwai kacal ya yi, alhali ƙato ya yi goma sha biyar. Ko sau ɗaya makaɗi bai waiwaye shi ba. Wallahi ransa ya ɓaci, har furar da aka kawo ya kasa sha, ya saɓa hauyarsa ya tafi gida ya ce wa matarsa ta fara haɗa masa 'yan tsummokaransa.

Jama'a suka taru suna jiran tsoho ya miƙa wa ƙato fadama. Tsoho ya yi godiya, ya sa albarka, ya ce a bari a yi ruwa biyu tukuna. Aka yi ta gunaguni, ko a jikinsa. Ruwa ya sauka ranar Talata, ya ƙara ranar Asabar. Da gari ya waye sai ya dogara sandarsa ya shiga gona shi kaɗai, yana bin kunya ɗaya bayan ɗaya. Tabɗi! Wuraren da suka fi kyau ranar gayya su ne suka yi kore shar, ciyawar da aka binne ta sha ruwa ta ɗago kai, ta ma fi da ƙarfi. Amma can da can akwai kunyoyi bakwai fes, gero ya miƙe, matacciyar ciyawa ta bushe ƙayau a gefe. Bai tambayi kowa ba. Ya dai tsaya ya duba da kyau, sai ya ga duk sauran manoma dama suka riƙa zubar da ciyawarsu, a kunyoyin nan bakwai kuwa hagu aka kifa ta. Duk garin kuma bahago ɗaya ne ke riƙe hauya.

Tsoho bai ko koma gida ba, ya zarce ƙofar magidancin ya yi sallama, ya tarar da shi yana ɗinke tsohon buhun da zai zuba kayan tafiya. Ya ce masa ya ajiye buhun nan ya je ya nemi irin albasa, shi ya ba aron fadamar. Mutumin ya tsaya sororo, sai ga hawaye, babba da gemunsa. Gwanin gayya da ya ji labari ya zo yana kumfar baki, wai duk gari shaida ne sunan wa ganga ta wuni tana kira. Tsoho ya ce masa ai shi ma ya ji, kunnensa garau yake, amma ya ɗauki hauyarsa ya biyo shi gona, akwai kunyoyi goma sha biyar da ke jiran mai su. Ƙato ya leƙa, ya sunkuyar da kai.

A ranin nan 'ya'ya biyar suka ci tuwo ubansu na zaune a tsakar gida. Hausawa ba su yi ƙarya ba, Malam Tanimu, da suka ce gani ya kori ji.