Wayar Madatsar Kori

Shekarar da fari ya cinye raƙuman Inoussa goma sha ɗaya, ya daina zuwa Bilma ɗauko gishiri, ya zauna a Agadas hannu rabbana. Sojoji ke riƙe da ƙasa a lokacin, kuma kullum zancen rediyo ɗaya ne: a ƙara haƙuri.

Wata Talata sai ga shi ya faɗo gida da gudu, rawani na jan ƙasa.

"Kadidia! An ɗauke ni!"

Matarsa ta saki muciya. "Innalillahi! Sojoji?"

"Waɗanne sojoji! Lakwal! Ga ni da furfura zan shiga lakwal!"

Ya zauna yana haki, ya ba ta labari. Ma'aikatar magajin gari ce ta haɗa kai da makarantar koyon sana'a. Magajin gari zai ba da kamyo, wato babbar mota, da waya da hatsin ma'aikata, makaranta ta ba da malamai. Za a koya wa magidanta sittin gini, su kuma su gina madatsa a bakin korin da ke bayan unguwa, inda ruwan duwatsun Abzin ke bi in an yi ruwan sama.

"Madatsa?" Kadidia ta yi dariya. "A shekarar da ko tsuntsu bai sami na sha ba?"

"Malaminmu Mushe Hassane ya ce ƙasar da ta daɗe da ƙishi ba ta shan ruwa, turo shi take yi."

Aiki ya kankama. Da safe suna aji, da hantsi suna bakin kori. A saƙa waya kamar ƙaton kwando, a cika shi da duwatsu, a ɗinke bakinsa, a ɗora wani a kai. Ƴan samariya na kiɗa, mata na kawo fura suna guɗa. Rannan magajin gari da kansa ya zo cikin kakinsa, ya ɗauki dutse ya jefa a kwando, wuri ya kaure da tafi. Inoussa kuwa har a bakin akushi hannunsa na saƙa waya a iska.

Wata huɗu madatsa ta tsaya. Aka ba kowa takardar shaida, aka kuma naɗa Inoussa mai kula da sashen unguwarsu. Duk ɓarnar da ya gani, ya kai magana makaranta, su kuma su sanar da magajin gari a gyara. Ranar Kadidia ta dafa shinkafa, abin da suka shekara ba su gani ba.

Bayan sati uku, yana zagayensa na safe, sai ya tarar da surukinsa Nomau, mahaifin Kadidia, durƙushe da awartaki yana kwance waya.

"Baba, barka da hantsi," ya ce, kansa a ƙasa. "Wannan wayar ita ke riƙe da duwatsun."

"Ɗana, awaki uku suka rage mini a duniya, karnuka na bin su. Shinge zan yi. Kayan gwamnati ne, na wa na taɓa? Ina ma ruwan yake?"

Kunyar suruki ta ɗaure wa Inoussa baki. Ya juya ya tafi.

Da maƙwabta suka ga shingen Nomau, wannan ya zo ya yanki ta akurkin kaji, wancan ya kwashi duwatsun harsashin ɗaki. Sau biyu Mushe Hassane na tambayarsa, "Yaya sashenku?" Sau biyu yana cewa, "Lafiya lau, Mushe." A ransa yana cewa zai nemi waya ya gyara kafin kowa ya sani.

Cikin watan takwas, bayan la'asar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan duwatsu. Wani ya hau katanga ya ƙwala ihu: "Kori ya taho! Ruwa! Ruwa!"

Gari ya fashe da murna. Tsofaffi na hamdala, mata na guɗa, kowa na gudu bakin kori don ya ga abin da aka shekara biyu ba a gani ba. Ruwa ya zo ja wur, yana ruri, ya daki madatsa. Ta tsaya cak! Magina suka rungumi juna suna tsalle. "Aikinmu ne! Aikin hannunmu!"

Inoussa kaɗai bai yi tsalle ba. Idonsa na kan wuri guda.

A nan duwatsu suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, sannan gaba ɗaya. Ruwa ya kutsa unguwa. Ɗakunan ƙasa suka narke kamar gishiri a tukunya. Gida ashirin da uku suka tafi, har da na Inoussa. Nomau ya koma da gudu ya kwance awakinsa, katanga ta faɗo masa. Kafin a ciro shi rai ya yi halinsa.

Washegari, bayan an dawo daga maƙabarta, Kadidia na zaune a ajin makarantar da aka sauke waɗanda ruwa ya kora. Ta dubi mijinta.

"Malam, mutane na cewa an kwance waya a wurin. Ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Na ji kunyar Baba."

"Da ka kai ƙararsa, da yau yana raye yana fushi da kai," ta ce, ta juya fuskarta ga bango.

Jama'a, abin da hukuma da makaranta suka gina mana namu ne, ba na gwamnati ba. Wanda ya ɓata shi kansa ya cuta, wanda kuma ya gani ya yi shiru don kunya, da hannunsa a cikin ɓarnar.