Shafi na Ɗari da Arba'in

Kwalin kwashe littattafai ɗaya ne ya rage a ƙarƙashin teburin Lorraine Pettaway, mai kula da ɗakin karatun sakandaren garin. A zangon nan kaɗai hukumar makarantu ta sa ta kwashe littattafai goma sha ɗaya, yawancinsu labaran matasan da ke jin jinsin da aka haife su da shi ba nasu ba ne. Yanzu ga takardar ƙorafi a kan na sha biyu, labarin wani yaro baƙar fata da ɗan sanda ya harbe a ƙofar shago. Marubucin ya ce abin ya faru da gaske, sunaye kawai ya canza.

An shafe sunan mai ƙorafin da baƙar tawada. Dalilin layi ɗaya ne: "Kada a bar yara su karanta shafi na ɗari da arba'in." Lorraine ba ta bukatar suna. Ta san fararen iyayen nan da ke zuwa kowane zaman hukumar da jerin littattafai a hannu.

Ranar da hukumar za ta zauna kan ƙorafin, ta leƙa kicin ɗin makaranta neman ruwa. Inna Odessa, wadda ke dafa wa ɗalibai abinci tun da ta ƙauro garin ita kaɗai shekara ashirin da suka wuce, tana goge farantai.

"Yau za su ji ni, Inna. Littafin nan namu ne, mu baƙaƙe. Wanda ya rubuta takardar nan bai san zafin komai ba."

"Sa wani abu a cikinki tukuna," in ji tsohuwar, ba ta ko ɗago kai ba.

Ƙarfe huɗu zauren ya cika maƙil, ɗan sanda na tsaye a bakin ƙofa. Da Lorraine ta miƙe, shugaban hukumar ya dube ta ta saman tabarau.

"Malama Pettaway, ki tuna a watan Yuni za mu duba kwantiraginki."

Duk da haka ta buɗe shafin da aka hana, ta fara karantawa da ƙarfi. Yaron na kwance a kan kwalta, jini na bin gefen titi. Yana kiran uwarsa, yana sake kira. Ba ta zo ba, har numfashinsa ya yanke shi kaɗai.

"Ya isa haka."

Daga can baya muryar ta fito. Kowa ya waiwaya. Shugaban ya duba takardarsa, ya ce mai ƙorafi na da minti uku.

Inna Odessa ce ke takowa tsakanin kujeru, ko rigar aikinta ba ta cire ba. Wani ɗalibi ya yi tsaki. Wata mata ta ce, "Kai, an saye tsohuwa!" Da ta iso gaba, Lorraine ta tare ta.

"Inna, ke? Ke kika yi mana haka?"

Tsohuwar ta karɓi littafin daga hannunta, ta rufe shi a hankali, ta matso kusa da lasifika.

"Mutumin da ya rubuta wannan bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofata ba. Shekara uku ke nan, tun da littafin nan ya iso, ina zuba wa yara abinci ina jin suna cewa wace irin uwa ce wannan. To, ku ji da kyau. Na zo. Ko takalmi babu a ƙafata na zo, kuma a kan cinyata ɗana ya cika."